Na Ashirin da Biyar

Zuwa ga ɗiyata Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Zubair da jikata mai ƙin gaishe ni. Innarki na Gwandu lafiya lau, ranar Juma'a na leƙa su. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu ni da boko muka raba gari, ga shi yanzu ido ɗaya ke aiki.

Na ji kin samo mini likita a Kaduna, in zo ƙarshen wata a cire yanar idon nan. Allah ya yi miki albarka. Sai dai ba zan zo ba, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki kai ƙarata wurin innarki.

Kin san kamfanin shinkafar da nake gadi a Kalgo. Kwanaki mutanen ƙungiyar ƙwadago suka zo, suka ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hawa kan wanda ma'aikatansa ba su kai ashirin da biyar ba. Aka ƙirga, ashirin da huɗu. Alhaji mai kamfanin har ya fara murmushi. Sai ga ni na fito daga bayi da buta, na ce ni fa, ko akuya ce ke tsaron ƙofa? Kowa ya yi dariya ban da shi. Dole ya yarda da ƙarin albashi, amma kashi-kashi. An ba da na farko, na gaba sai bayan girbi, cikon sai bayan Sallah.

Tun ranar yake neman hanyar kauce wa ƙarin. Jiya ya kira ni, da fara'arsa, wai ya ji batun idona, in je in huta ko wata uku ne, zai sa ɗan ƙanensa a ƙofa a riƙa biyansa kuɗin yini. Ina fitowa Yakubu mai kula da inji ya tare ni, ya ce in na taka mota an goge sunana, su koma ashirin da huɗu, ƙari ya mutu. Saratu mai tsintar tsakuwa kuwa da ƙarin nan ta mayar da ɗanta makaranta. Ni da ba a taɓa tambayar lafiyata ba, yau in na yi tari mutum uku ke kawo magani.

Gaskiya ina jin tsoro, Hafiza. Da la'asar ba na gane fuskar mai shigowa, da murya nake gane mutane, kuma ranar da Alhaji ya lura ya sami dalilinsa. Ki tambayi likitan ko idon zai iya jira har bayan Sallah. In ya ce a'a, ni kaɗai za ki faɗa wa. Ba zan zo ba duk da haka, so nake dai in san abin da na saya.

Ki gaishe da Zubair, da surukarki Hajiya Kubura. Ki ce wa jikata ta zo in gan ta tun ina iyawa.

Mahaifinki,
Ɗahiru maigadi, na ashirin da biyar.