Sarƙa Mai Ƙullin Inna

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Baba?

An kawo wata tsohuwar sarƙa mai duwatsun gilashi shagonmu da ke kasuwar Souq Waqif. Mai shagon ya ga ɗigon baƙi a gindin duwatsun, ya ce ta haura shekara ɗari. Irinta ba ta son ruwa, busasshen burushi kawai. Ina gogewa sai na ga inda ta tsinke an ɗaure da jan zare, ƙulli uku, irin na sarƙar marigayiya Inna. Kullum da safe a jiƙe nake tarar da ita, tana ƙamshin humrar Inna.

Ki gaida kowa, a sa ni a addu'a. Don Allah ki buɗe adakar Inna, ki duba ko sarƙarta tana nan.

Ƙaninki,
Sani