Inda Za Ta Sa Idonta

Litinin, 3 ga Disamba, 1956
An zaɓi yarinyar nan ta yi jawabin maraba ran rufe makaranta. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Shekararta tara. Gaban iyaye, da fasto, da Bature mai duba makarantu.

Laraba, 5 ga wata
Ta haddace tsaf. A bayan ɗaki take karanta wa kaji, murya kamar mai talla. Da babba ya gitta sai ta durƙusa, kai ƙasa, shiru. Ni na koya mata hakan.

Juma'a, 7 ga wata
Malamarsu, Obiageli, ta biyo ta har gida. Wai an gwada, ta tsaya kamar an dasa ta, sai hawaye. "Mama, in ba ta buɗe baki ran Laraba ba, 'yar ajinsu Veronica zan ba." Ta ce magani ɗaya ne, ta zaɓi fuska guda cikin taro ta riƙa yi mata magana. An tambaye ta wa take so, ta ce ni.

Kaka, uwar maigida, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Uwa ta zuba wa 'yar fari ido a bainar jama'a? Lallai Sabon Gari ya cinye ku."

Lahadi, 9 ga wata
Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azi ba.

Litinin, 10 ga wata
Da babanta yana nan, shi za ta duba. Aikin jirgi ya kai shi Nguru. Na taka Fagge wurin Yakaka, wadda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare, ko za ta ba ni citta da zuma don murya. Dariya ta yi. "Maƙogwaronta lafiya lau. Ranar da aka tsai da ke gaban allo, wa kika duba?"

Ita na duba. Amma ai ita ba uwata ba ce.

Laraba, 12 ga wata
Ta tsallake gwaji da ƙyar, ciki-ciki, Malama ba ta gamsu ba. Ta ƙi tuwo. "Inna, a ina za ki zauna?" Na juya wajen tukunya na ce inda na samu.

Juma'a, 14 ga wata
Benci na uku, Kaka a gefena. Aka kira ta. Ta fito, ta tsaya. Shiru. Wani yaro ya ƙyalƙyale. Veronica har ta matso bakin dandamali. Idona yana kan yatsun ƙafata, amma ina jin nata yana yawo, yana nema.

Wuyana ne ya gaji, ina ji. Na ɗago.

"Iyayenmu, barkanku da zuwa." Har ƙarshe ni ta yi wa magana. Ashe idon mahaifiyata ne da ita, ban taɓa lura ba.

Muka iso gida. A zaure Kaka ta ce, "Muryar dai ta gidanmu ce."

Asabar, 15 ga wata
Wanki ya taru. Kananzir ya ƙare. Yarinyar nan, Dina, ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.