Kyanwar Daso da Ƙofar Baranda

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Halliru, mahaifinku. Na rubuta wannan a gidanmu na unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje, cikin Agustan 2021, hankalina garau. Gwaji ya nuna korona ce, kuma kun san dama huhuna ba ƙarfi gare shi ba. Gobe za a kai ni asibiti. Sirajo, Hureira, ku karanta tare.

Na ɗaya. Littattafaina na ba Sirajo tun yau. Keken ɗinkin mahaifiyarku Daso, Allah Ya jiƙan ta, na Hureira ne. Sauran a raba yadda shari'a ta ce.

Na biyu. Comel, kyanwar Daso. Kun tuna ranar da ta tsinto ta da ɗan'uwanta Goro a bayan shagon abincin nan da ake kira mamak, ta shigo da su cikin hijabi, duk sun jiƙe sharkaf. Shekara shida ke nan ƙafar Comel ba ta taka titi ba. Kada wani ya tausaya mata ya sake ta, ba ta san mota ba. Hureira, ki tafi da ita gidanki na Sri Petaling. Ki ajiye mata kujera jikin taga, ki riƙa zuba shinkafa a bayan gilashi don tsuntsaye su sauka ta samu abin kallo. Kada ki yar da kwalaye, tana son ɓuya. Abincinta a watsa shi cikin kwalin ƙwai ta nema da kanta. Sandar wasanta mai ƙyallen atamfa tana bayan firij. Bayan la'asar a ja mata har ta gaji. Da ina yi wa Daso dariya a kan wannan hidima. Sai da dokar kulle ta rufe ni wata da watanni, na tarar da kaina tsaye kusa da Comel muna kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu kowa a ciki, sannan na daina dariya.

Na uku, shi ne mai nauyin. Hureira, shekara guda ba kya ɗaga wayar yayanki, don kin ɗauka shi ya bar ƙofar baranda a buɗe ranar da Goro ya faɗo daga hawa na sha biyu ya mutu. Ni ne. Kwana bakwai da rasuwar Daso na fita ɗauko mayafinta da ta shanya, na tsaya ina shinshinarsa, na shigo ban rufe ba. Sirajo ya gan ni, ya yi shiru don ya rufa mini asiri, ni kuma kunya ta hana ni magana. Ki nemi afuwarsa, ku duka ku yafe mini. Sirajo, kai za ka sa raga a barandar ƙanwarka da hannunka kafin Comel ta shiga gidan.

Idan ta Allah ta kasance, wataƙila ba za a bari ku matso kusa da ni ba. Kada wannan ya dame ku, addu'a za ta iso. A kwantar da ni kusa da Daso in ya yiwu. Ku riƙa cin abinci tare duk Juma'a, ko babu mai abin faɗa. A ƙasar nan ba ku da kowa sai juna. Allah Ya yi muku albarka. Na yafe muku duniya da lahira.