Miyar Gidan Baffa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikin ofis da duk masu rige-rigen buɗe maka ƙofar mota. Mu ma nan Jega lafiya lau muke, in ka cire mutum ɗaya, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙata a jarida. Ni ma ba haka na so ba. Na aika maka saƙo ta hannun direbobin Birnin Kebbi, shiru. Na aika a kira ka ranakun Asabar, motarka na ƙofar gida, tsakanina da kai bango ɗaya, aka dawo aka ce mini kana da baƙi. To, an ce ba ka karya kumallo sai da jarida a hannu, shi ya sa na biyo ka nan. Ban kama sunanka ba, ban kama na unguwa ba, ban kama na gidan abincinka ba, duk da an rubuta shi da haruffan da ake hangowa tun daga tasha. Wanda ya gane ya gane.

Baffa ba ya cin abinci, Yaya. Maganar ke nan. Baffa na bayan katangarmu, aminin Baba, wanda ya saɓa ka a kafaɗa ya kai ka makarantar allo kana tsala ihu. Ya rame har rigarsa ta zama kamar ta aro. An kai shi asibiti, an ce babu ciwo. Ni na san ciwon. Kai ne, kai da kujerunka na roba.

Bari in tuna maka ƙofar gidan nan, tunda ka shafe ta da siminti har ka manta abin da ke ƙarƙashi.

Da an sallame magariba, Baba zai shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya. Magidantan layin nan kowa ya fito da akushinsa, a jere a tsakiya. Na dawa, na gero, wani ɗanwake, wani dambu. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Ba a tambayar na wane ne ya fi yawa, ba a tambayar na wane ne babu nama. Baƙon da ya sauko daga motar Maiyama ya rasa masauki, in ya bi ta nan sai an zaunar da shi. Ni ban taɓa zama a tabarmar ba, mace ce ni, amma ni ke wanke abin da ya dawo daga kanta, don haka na san ciyayyar nan fiye da masu cinta.

Kai kuwa tun kana ɗan saurayi gefen Baffa ne wurinka. Akushinsa baƙi ne, mai tsaga a baki da aka ɗinke da waya. Shi kake jira a buɗe. In an tashi, sai ka shigo gida kana lasar yatsa, ka tsaya kan Inna kana cewa miyar gidan Baffa ta fi tamu, ta je ta koyo wurin Goggo matarsa. Inna ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Abin da take cewa kullum ɗaya ne: “To ɗan nema, ka koma can su riƙe ka.”

Sai aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta zama babban birninta. Mun yi murna, ba zan yi ƙarya ba, har guɗa na yi. Ban san murnar korar kanmu muke yi ba.

Ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, wuri ya yi musu kaɗan, suka gangaro. ’Yan kwangila suka gano unguwarmu tana bakin titi. Dillalan albasar Aliero da Allah ya buɗa wa suka ga ba su da sauran zama a gidan ƙasa. Aka fara bin tsofaffi gida gida da daɗin baki. Mai ɗinkin hula ya sayar ya koma Giwa Tazo wurin dangin matarsa. Na kusa da shi ya sayar ya tafi Danwarai. Inda suka tashi, katangu suka miƙe, dogaye, an jera musu fasassun kwalabe a kai kamar mu da muka saura ɓarayi ne. Maƙwabcina na hagu yanzu ban san fuskarsa ba, hon ɗin motarsa na sani da haushin karensa.

Duk wannan na haɗiye, don ba gidan ubana ba ne. Sai kai ka zo, Inna ba ta shekara a ƙasa ba, ka tsaya ƙofar gida hannu a aljihu ka ce wurin nan yana zaune a banza. A banza, Yaya. Wurin da ka ci ka girma.

Ka zuba siminti. Ka maida zauren Baba ɗakin ajiye akwatunan lemo da firiza. Dalbejiyar ka bar ta, na gode, amma ka naɗe ta da ƙananan fitilu ja da kore kamar amaryar da ba a tambayi ra'ayinta ba. Ka kafa janareta daidai bangon ɗakina. Tun daga yammacin Juma'a har daren Lahadi, ni da ’ya’yana mata ba ma jin maganar junanmu sai mun ɗaga murya.

Kuma sun zo. Dole in yaba maka, ka san mutanenka. Masu shadda mai ƙara, da matansu masu jaka a hammata, da yara masu takalmin da ke walƙiya. A ci gasasshiyar kaza, a ci farfesun kifi, a kalli ƙwallo a bidiyo, a buga ludo, mai hoto yana zagayawa. Wai sun fito shan iska. Iskar da muke shaƙa tun kakanni ba mu san ta sha ba ce sai da suka zo. Na ji har tuwon dawa kuke sayarwa, an mulmula shi ƙanana cikin leda, ana ci da cokali ana cewa abincin gargajiya. Mutum huɗu a teburi ɗaya, kowa ya rungume farantinsa kamar za a ƙwace. Rabin abincin kuma a kwandon shara yake kwana, ni ke jin warinsa da safe.

Tsofaffin da suka rage sun ja tabarmarsu gefen masallaci. Ba ta yi ƙarko ba. Wannan ya rasu, wancan ya tashi, wani ɗansa ya hana shi fita wai motoci sun yi yawa. Aka wayi gari saura Baffa. Goggo ta riga ta rasu, ba ɗa ba jika a kusa, idonsa kuma ya fara hazo. Duk da haka kullum bayan magariba sai ya fito da akushinsa ya zauna, ko Allah zai kawo wanda za su ci tare.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ba ka zo ba. Ina tsaye bayan ƙyauren zaure, ta kafar nan da muke leƙen masu ganga muna yara. Na ga Baffa ya taho da akushinsa rufe da faifai. Ya tsaya. Ya ga haske, ya ga mutane zaune gindin dalbejiya suna cin abinci, a wurin da ya yi shekara da shekaru yana ci. Na ga fuskarsa ta washe. A ransa ciyayya ce ta dawo.

Ya je teburin da ya fi kusa, ya yi sallama, ya ajiye akushin a tsakiyar farantansu, ya buɗe, ya tura musu gabansu. Ya nemi ruwa ya wanke hannu. Sannan ya yi bisimilla ya miƙa hannu cikin farantin na kusa da shi, kamar yadda aka yi a wurin nan tun ba a haifi ubannin wasunsu ba.

Mutumin ya fizge farantinsa. Wata ta toshe hanci da gyale. Wani ya tuntsire da dariya har yana dukan teburi. Sai ga manajanka, wannan mai ɗaure wuya da igiya cikin zafin Jega. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Ya kama shi a damtse a hankali, ya kai shi bakin titi, ya ƙulla ragowar shinkafar wani teburi a leda ya danƙa masa, ya ce ya riƙa zuwa da safe ta baya, kada ya dami baƙi. Aka biyo shi da akushinsa, ana riƙe da shi da yatsa biyu.

Na ji abin da Baffa ya ce, don janareta ma ya yi shiru a kunnena lokacin. “Ɗana, ba bara niz zo ba. Tuwo nik kawo muku.”

Ban fita ba. Mace a tsakiyar maza baƙi, da na ƙara masa kunya ne kawai. Amma na tsane ka a tsayen nan, Yaya. Na faɗa maka a fili. Ban tsani mai farantin ba, baƙo ne, bai san inda yake zaune ba. Kai ka sani.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, kai kaɗai a layin nan. Tun shekarar farin da ta cinye shanun Baffa, ciwon baya kuma ya hana shi dakon albasa, ba kullum ake hura wuta a gidansa ba. Kafin magariba Goggo takan ɗora akushin nan bisa katanga, wajen rumbu, inda ba a hangowa. Inna ta ɗauka ta cika ta mayar. Baffa ya fito da shi ta ƙofar gidansa, ya ajiye cikin na sauran magidanta, kansa a ɗage. Dattawan nan duk sun sani. Babu wanda ya taɓa ko ɗaga gira, har suka shiga kabari.

Miyar gidan Baffa da ka ƙare ƙuruciyarka kana yabo, daga tukunyar uwarka take fitowa. Kuma ba ka yi ƙarya ba, ta fi tamu. Tasa Inna take fara kwasa, ta sama mai maiƙo, ta ƙara masa man shanu. Na taɓa yi mata ƙorafi, ta ce: “Ke, so kike a ce gidan Baffa ba su iya miya ba?”

Da ta kwanta ciwon ajali, ba gona ta bar mini wasiyya a kai ba, ba ’yan kunne ba. Katangar nan ta nuna mini da ido. Ban fasa ba ko rana ɗaya, har waccan Asabar ɗin.

Tun daga ranar akushin yake kwana bisa katanga yadda na ajiye shi. Na roƙe shi, na yi kuka, na haɗa shi da darajar Baba. Ya ce mini ta bayan bango: “Ɗiyata, bari wahal da kanki. Tuwon da anka ci cikin mutane, ciyayya ta. Wanda nic ci ni ɗai bayan ƙyaure, sadaka ta.” Na roƙi liman ya je su ci tare. Baffa ya yi loma biyu ya gane tausayi ne, ya janye hannu. Yanzu ɗan koko ne da goro suke riƙe da shi.

Ba na neman ka rufe gidan abincinka. Ku ci kajinku, Allah ya ƙara kasuwa. Kada kuma ka aiko da buhun shinkafa a bayan mota, ko manajanka da ban haƙuri a baki, wallahi a ƙofa zan mayar da su. A ƙofar gidanka aka kore shi, maigidan ne kaɗai zai iya zaunar da shi.

Na san ba haka aka haife ka ba. Ranar da aka kai Baba makwancinsa, da magariba ta yi kowa ya rasa abin yi, kai ka shiga zaure ka ɗauko tabarmar ka shimfiɗa, idonka jajur, ka ce ba za a fasa ba. Baffa ya jawo ka jikinsa ya gutsura maka lomar farko. Wannan Yayan nake nema. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma ban yarda ya mutu ba.

Asabar mai zuwa zan tuƙa na dawa, miyar kuka, in kwashe ta sama in sa man shanu, in ɗora bisa katanga. Tabarmar Baba tana ɗakina, na kakkaɓe ta. Ka ɗage teburi ɗaya daga gindin dalbejiya, ɗaya tak. Ka je da ƙafarka ka yi wa Baffa sallama, ka ce an shimfiɗa, ana jiran akushinsa. Ka cire takalmi ka zauna ƙasa gaban baƙinka, ka sa hannu. In kun gama, ka lashe yatsa, ka faɗa masa da ƙarfi yadda zan ji daga bayan ƙyaure, cewa har gobe miyar gidansa ta fi tamu.

Kada ka ce sai wani makon. Jiya da na leƙa, bango yake dafawa kafin ya kai bakin randa.

Allah ya jiƙan Inna da Baba da Goggo, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ba Baffa lafiya, ya rufa masa asiri yadda aka rufa masa tun farko. Kai kuma Allah ya tausasa zuciyarka, ya kawo ka gida tun akwai wanda zai ɗauki akushin nan.

Wassalam.

Ƙanwarka,
mai riƙe da tukunyar Inna,
Jega.