Garin da na zuba a tawada

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke ƙulla garin gam yana rabawa shaguna a Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata. Ban kama sunan kamfaninku ba, don ban zo tozarta kowa ba. In kun karanta za ku gane kanku.

Ni mai haɗa tawada ce a Yola Gari. A hannun mahaifina, Modibbo, Allah Ya jiƙansa, na koya: a daka gawayi, a tankaɗe, a jiƙa da ƙaro, a tace. Ƙaron nan shi ke sa baƙi ya kama allo. Tawadarmu kuwa, Yallaɓai, ba a kan allo take ƙarewa ba. Ana rubuta ayoyi, a wanke, a sha. Mai ciki na sha, marar lafiya na sha.

Na farko. Wani dattijo ne daga wajen Borno yake kawo mini ƙaro duk rani. Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola bai zo ba, har yau kuma ban ji labarinsa ba. Ƙaro ya yi wuya a kasuwa, ga gari cike da masu neman rubutu, don kowa zuciyarsa a tashe take. Na shiga ɗaya daga cikin shagunan da kuke ba wa kaya, na nemi ƙaro, na faɗa wa mai shagon abin da zan yi da shi. Ban ɓoye ba, na ce sha ake yi. Ya auno mini farin gari kwano biyu, ya ce ƙaro ne da inji ya niƙa. Ledar da ya auno daga ciki babu rubutu ko ɗaya, sai hoton tambarinku. Garin ya narke a ruwan zafi, tawada ta yi sheƙi, na yi hamdala. Shekara tara ina komawa.

Na biyu. Ruwan wankin allon da ba za a sha ba, ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Ni a wani lungu bayan ɗakina nake zubawa. A zamanin ƙaro wurin nan ƙasa ce kawai, tururuwa ma har layi take yi. Bara na tafi share lungun, sai tsintsiya ta ɗago wata fata baƙa, tana naɗewa kamar leda. Babu tururuwa ko ɗaya. Na kai wa maƙwabciyata Madam Rifkatu, mai koyar da kimiyya a sakandare, na haɗa mata da garin. Ta duba, ta tambayi waɗanda suka fi ta sani, ta dawo ta ce wannan ba daga itace ya fito ba. Haɗin masana'anta ne, dangin roba, irin na fenti da manne takarda, kuma ƙasa ba ta saurin cinye shi yadda take cinye ƙaro. Ta ce ita ba za ta ce guba ne ba, ba kuma za ta ce a sha ba.

Nima ban ce kun kashe kowa ba. Ban sani ba, abin da ban sani ba kuwa ba zan ɗora wa mutum ba. Wataƙila mai shagon ma yadda aka faɗa masa ya faɗa mini. Amma duk wanda ya tambaye ni me ke cikin tawadata, gawayi da ƙaro nake cewa, wani lokaci har da wallahi, ni da ba na son rantsuwa.

Ga roƙona. Ku rubuta a jikin kowace leda abin da ke ciki, da Hausa, ku ƙara da ajami, ku ce ba a sha. Mu da muka yi allo kawai ba ma karanta Turancinku. Sannan ku ajiye ƙaro na gaskiya a shagunanku, yanzu da hanyar Borno ta fara buɗewa. Masu wanki da guga da ke sayen garinku ma, ai sitacin rogo na nan a Namtari, tun kakanni da shi ake yi, kuma ƙasa na karɓarsa. Na ƙarshe, ku ba ni amsa a rubuce: mene ne garin nan, me yake yi wa cikin ɗan Adam? Tun bara na ajiye sana'a, ina bi gida gida ina neman yafiya. Kowa ya yafe sai ya tambaye ni ko akwai abin tsoro.

Akwai wadda ba zan iya zuwa wurinta ba. Dada, mahaifiyata, wata huɗu ta yi kwance kafin ta rasu, a cikin shekarun nan tara. Abinci ba ya shiga, rubutu kaɗai take karɓa, shi ma sai in ni na rubuta, da tawadata, don ta ce ta san hannun da ya haɗa ta. Ni nake ɗaga kanta in ba ta.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinku, Ya tsare ku daga ɗaukar haƙƙin da ba ku sani ba. Ina jiran amsarku.

Wassalam.

Goggo Aisatu mai tawada,
Yola Gari.