Rasuwar Malam Sannu-Sannu, Mai Koyar da Aikido a Jami'a

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Aikido ta Jami'a, tsofaffin ɗalibai da sababbi, tana sanar da jama'a cewa labari ya iske mu na rasuwar malaminmu, ubanmu, mai baƙar ɗamara, wato alamar ƙwarewa a wasan, wanda ya kafa wannan ƙungiya ya kuma riƙe ta shi kaɗai, wanda kowa ya sani da Malam Sannu-Sannu. Bai yi doguwar jinya ba. Ƙirji ne ya riƙe shi a wurin aiki, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Sakatarenmu ya zauna da biro ya kasa, shi ya sa aka ce ni in rubuta, ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, sai a karɓa yadda ta fito.

Marigayin, aikinsa gyaran na'urori ne a sashen kimiyya, in ya tashi da yamma sai ya sauko ɗakin motsa jiki ya shimfiɗa katifu da hannunsa. Ga wanda bai sani ba, Aikido wasan kare kai ne da ba naushi ba shuri, mutum ya taho maka da ƙarfi, ka goce, ka kama wuyan hannunsa ka juya, ƙarfinsa ya kai shi ƙasa. Amma a wurin Malam duk sabon shiga sai ya yi wata da watanni ba abin da yake koyo sai faɗuwa: ka cusa haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka mirgina ta kafaɗa, kai bai taɓa ƙasa ba. Samari su yi ta ƙunƙuni wai su kayar da mutum suka zo koyo, ya ce to wa za ku kayar alhali ba wanda ya iya faɗuwa a ɗakin, in wuyan ɗan wani ya karye ni uwarsa za ta nema. Duk shekarun nan ba wanda aka fitar daga ɗakin a ɗauke.

Ni kaina kuskure ne ya kawo ni. Ban daɗe da rasa maigidana ba na ga takarda manne a bango, na haɗa baƙaƙen da ƙyar na ga “aiki”, sauran ban tsaya karantawa ba, na shigo neman shara ko wanke-wanke. Ranar ce ranar farko da ya buɗe ƙofa. Bai yi mini dariya ba, ya ce Gwaggo aiki dai babu, amma tunda kin cire takalmi ki hau katifa. Sharar ma daga baya shi ya samo mini a sashensu.

To ga inda muke. Dokar da ya kafa ita ce ana zama a layi bisa daɗewa, kuma ranar da malam ba ya nan, na kan layi shi ke jan aji. Ɗalibai gama karatu suke su tafi, waɗanda suka ƙware duk sun watse, wasu ma ba mu da lambarsu. Wadda ba ta taɓa tafiya ba ni ce, ni ce a kan layi, kuma ni gwiwa ba ta taɓa bari na wuce faɗuwa da juyin hannu guda ɗaya ba. Ofishin wasanni sun zo mana gaisuwa, sun kuma gaya mana cikin mutunci cewa ƙungiyar da ba ta da malami mai takardar shaida ba za ta riƙe ɗaki ba, in zangon karatu ya ƙare za a ba wasu. Ban ga laifinsu ba. Ga yara sababbin shiga, farin kayansu ko wankin farko bai sha ba.

Zuwa ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa maza da mata, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta. Ke mai ɗakinsa, ƙanwata, na riga ki shiga wannan hali, na san magana ba ta rage komai, saboda haka ba zan cika ki da ita ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya ba ku ƙarfin ɗauka, ya raya abin da ya bari. Kayansa da ɗamararsa suna nan rataye a ƙusa, ba wanda ya iya saukewa, duk ranar da kuka shirya ku aiko.

Muna roƙon duk wanda ya taɓa koyo a hannunsa ya yi nisa, ko wanda ya san mai baƙar ɗamara a ko'ina yake, ya taimaka ya leƙo kafin zango ya ƙare. Ranar Asabar za a buɗe ƙofa kamar kullum, zan zauna inda doka ta ajiye ni, za mu yi faɗuwa har lokaci ya cika. Duk yaron da ya tambaye ni abin da ke gaba da faɗuwa, zan gaya masa gaskiya ban sani ba.

Gwaggo,
Babbar Ɗaliba kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya,
a madadin Ƙungiyar Aikido ta Jami'a.