Gwangwanin da Baba Ya Hana

Zuwa ga Innarmu,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, ga halin da gidanki yake ciki.

Yau kwana tara Baba bai ci abin kirki ba. Zazzaɓin da ya kwantar da shi a asibiti a Rano ya sauka, an sallame shi, mun mayar da shi gida Kibiya, amma ya ƙi abinci. Kunu cokali biyu, ruwa, shi ke nan. Likita ya ce idan Litinin ta yi bai fara ci ba, a dawo da shi a sa masa roba ta hanci. Kin san abin da ya sha faɗa tun ranar da ya ga an sa wa maƙwabcinmu Malam Idi: ko yaya ta kaya, kada a yi masa haka. Yau Asabar.

Abu ɗaya ya nema da bakinsa, dafa-dukarki ta naman gwangwani.

Na san da kina nan sai kin ajiye ludayi kin ce in maimaita. Ni ma da ƙanwata Uwani ta gaya mini a waya, sau biyu na tambaye ta ko ta ji daidai. Shekara shida da rasuwarki, tunaninsa ya fara guduwa. Wata rana ya gane mu duka, wata rana ya tambayi Uwani ko kin sauke tukunya. Amma wannan buƙatar ya faɗe ta sau uku a kwana uku, ba canji.

Kin tuna yadda naman ya shigo gidanmu. Ƙaninki, Kawu Ɗanjuma, yana jan babbar mota zuwa Ikko a shekarun da sojoji suka miƙa mulki. In ya dawo, ya ajiye motar a Rano ya hau acaɓa, da gwangwani uku ko huɗu a ƙulle cikin rawaninsa. Ya dire su a gabanki ya ce, "Yaya, saniya guda ce a ciki, naɗe ta aka yi." Ke kuma ki ce, "To wannan saniya ta sha yunwa."

Mu takwas ne a gidan, gwangwani ɗaya. Ki soya albasa mai yawa a man gyaɗa har ta yi ja, ki zuba jajjagen tattasai da attaruhu, ki sa shinkafarmu ta gida da kika tsince tsakuwarta tun safe. Naman sai ƙarshe. Ki farfasa shi da bayan cokali, ya narke ya bi shinkafar, har ba wanda zai ce ga rabonsa ga na wani. Yaya Musa ya taɓa yin ƙorafi cewa bai ga nama a gefensa ba. Kika ce, "Ba a ganinsa, jinsa ake yi. Ci ka ba mutane wuri."

Ranar da babu shinkafa, taliyar murji ce da manja. Ranar da babu ita, ki soya shi da ƙwai biyu mu dangwala da dankali. Ban taɓa ƙoshi da shi ba ko sau ɗaya, wataƙila shi ya sa har yau nake jin ƙamshinsa in na wuce kanti.

Buɗewa kuwa aikin Baba ne. Shi kaɗai ne aikin girki da na taɓa ganin ya yi. Ki kai masa gwangwanin kan buzunsa a zaure bayan an tashi daga karatu, ya ɓalle ɗan mabuɗin da ke manne a kai, ya yi bisimilla, ya rinƙa murzawa a hankali, siririn ƙarfen yana naɗuwa har ya zagayo. Bai taɓa tsinke masa ba. Mu kuma muna tsaye muna jiran wanda za a bai wa mabuɗin ya yi wasa.

Ni na kashe wannan girki, Inna, kuma ban taɓa faɗa miki a fili ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, tambayoyi suka yi wa zauren Baba yawa. Manomi ya zo da tasa, mahauci ya zo da tasa, kowa yana son ya san ko abin da ya saba yi yana kan hanya. Wani dattijo daga Rurum ya iske Baba da gwangwani a hannu, ya ce, "Malam, wa ya yanka wannan?" Baba ya juya shi, ya ga rubutun ba na Larabci ba ne, ya ce a kira Rabi mai boko. Ina aji uku na sakandare, ba abin da nake so kamar a ji ina karanta Turanci. Na karanta komai da ƙarfi, har da yawan gishiri, har da sunan ƙasar da ke can ƙetaren teku. Baba ya ce, "Sun rubuta wanda ya yanka?" Na duba ko'ina na ce a'a. Na koma ciki ina jin na burge.

Da la'asar ya shigo ya gaya miki. Na riƙe kalmominsa daidai, domin yanzu a kansu ake gardama. Ya ce, "Ban ce haram ba ne. Na ce ban sani ba. Abin da ban sani ba kuwa, ba zan ci ba alhali mutane suna kallon bakina." Nan take kika miƙe. Kika kwashe gwangwanaye biyun da suka rage kika mayar wa Kawu, ya ce ai shi cikinsa bai iya karatu ba.

Bayan wata biyu kika fito da naki. Naman wuya mai kitse daga wurin mahaucin da Baba ya yarda da yankansa, ki dafa har ya saki, ki kirɓa sama-sama a turmi, ki danna shi cikin tsohon gwangwani, ki ɗora dutse, ki ajiye a gindin randa ya kwana. Ya fito da kusurwa huɗu kamar na kanti, har da ɗan ja-jan nan. Baba ya ci ya suɗe hannu ya ce, "Uwar yara, wannan na san wanda ya yanka, na san wadda ta daka." Sai dai na lura tun daga ranar hannunsa ba ya da aikin yi kafin a kawo abinci.

To, ranar Laraba Uwani ta taso daga gidan mijinta a Durba ta gwada naki. Ba mu san me kike sawa ya yi ja ba. Ita ta ce kanwa, Gwaggo ƙanwar Baba ta ce a'a. Nata ya fito fari-fari kamar dambun da bai soyu ba. Duk da haka ta yi dafa-dukar ta kai masa. Ya sunsuna, ya ture kwanon, ya ce, "Ina mabuɗin?" Daga nan muka san na kanti yake nufi.

Ranar Alhamis na saya a Kano. Aikina na ɗakin labarai a gidan rediyo ya koya mini kada in yarda da takarda don kawai an buga ta, saboda haka na tsaya a kantin na karanta gwangwanin kamar yadda na karanta wancan, amma ba da ƙarfi ba. Wannan yana da tambari da Larabci, an rubuta halal. Na kai gida na nuna wa Yaya Musa, wanda yanzu shi ke zaune a kan buzun Baba yana ba da karatu. Ya ce, "Rabi, ke da kike aikin jarida, wa ya ga yankan? Tambari ai kowa yana iya bugawa." Ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Na ce malamai da yawa sun yarda da irin wannan shaida, kuma mara lafiya yana da sauƙi a addini. Ya ce ya fi ni sanin wannan babin. Abin da ya dame shi daban ne. Ya ce, "Mutumin nan yana da cikakken hankalinsa ya bar abu shekara da shekaru. Yanzu da ya manta, sai mu zuba masa a baki? In ya farfaɗo ya tambaye ni, me zan ce?"

Na ce, "In an sa masa robar da ya hana, me za ka ce?"

Uwani ta ce mu biyun duk mu yi mata shiru, ɗaya ya cika littafi ɗaya ta cika rediyo, tsoho kuma yana ramewa.

Haka muka rabu. Na ɗora gwangwanin a kan tsohon kabad ɗinki, na ce ba zan buɗe a bayan idon Yaya ba, na dawo Kano domin ni ke da aikin ƙarshen mako. Tun jiya nake karanta labaran duniya a gaban makirfo, muryata lafiya lau. Na gyara labari ɗaya sau huɗu. Na fita na dawo. Kowace hujja na auna ta, ta Yaya tana da nauyi, tawa ma tana da nauyi, kuma babu wadda ta taɓa zama loma a bakin Baba.

Ke ce kika san shi, Innata. Shekara arba'in kina karanta fuskarsa kafin ya yi magana. Ke kaɗai za ki iya gaya mana wane Baba za mu bi, mai hanawa ko mai roƙo. Na fi zaton ba za ki tsaya gardama ba, za ki ɗaura zani ki shiga madafa, ki fito da wata dabara da ba ta zo wa kowa a rai ba. Ni ban gaji wannan ba. Karatun gwangwani kawai na iya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya ciyar da ke daga abin da babu shakka a cikinsa. Allah ya ba Baba lafiya, ya yafe mana in mun yi kuskure ta kowane ɓangare.

'Yarki mai kewarki,
Rabi

Ina shirin rufe takardar nan saƙon Uwani ya shigo, bayan azahar. Ta ce gwangwanin ba ya kan kabad. Ta ce Yaya Musa ya shiga ɗakin Baba, ya tura ƙofa, ya hana kowa shiga. Na kira shi sau uku, wayarsa a kashe. Ko an buɗe, ko Baba ya ci, ban tabbatar ba tukuna.